Kurciyar Ɗan Fari

Takalman na fara gani. Na dawo daga asibiti da la'asar, ƙafafuna kamar ba a jikina suke ba, na tarar da su a bakin ƙofa: manya, masu kaurin ƙasa, irin na leburorin gini. Na ɗauka mai gyaran famfo ne ya zo. Da na leƙa falo ba kowa sai ɗana, zaune a ƙasa, ya baje wata jakar goyo mai igiyoyi kamar za a ɗaure awaki da ita.

"Kai, na wane ne wancan takalmi?"

"Nawa ne, Umma."

"Aikin ɗaukar bulo ka samu?"

Ya yi dariya, ya ce tafiya zai riƙa yi da su. Na ce zuwa ina? Ya ce ba ko'ina, tafiya kawai.

Ni 'yar ƙauye ce daga ƙasar Katsina, kuma na san tafiyar ƙafa ciki da bai. Mun yi ta zuwa rafi, mun yi ta zuwa gona, mun yi ta zuwa cin kasuwa da gaisuwar mutuwa. Amma a ce mutum da hankalinsa, da mota a ƙofar gida, ya ɗaura takalmi ya kama hanya ba wurin zuwa? A garinmu mutum biyu ne ke yin haka: mahaukaci, da wanda aka yi wa wani abu. Ban ce masa komai ba, na wuce kicin ina ta buga murfin tukunya.

Dalilin shirun nawa kuwa, ɗan fari ne. Shi ne na fari, shi ne kuma auta, don Allah bai ƙara ba ni wani ba kafin mahaifinsa ya rasu a nan Riyadh, yaron na makarantar firamare. A yadda aka tarbiyyantar da mu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. "Kai" nake ce masa tun yana goye. Ma'aikatan jinya 'yan uwana Larabawa da 'yan Filifin sun sha tambayata ko faɗa muke yi. Shi a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa sai ka ji kamar yana tauna tsakuwa, amma wannan kunyar ya gane ta, bai taɓa yi min ƙorafi ba. To ita kunyar ce ta ɗaure min baki. Ba zan iya zaunar da shi in ce ina tsoron rasa ka ba.

Tsoron kuwa yana da tushe. A ƙarƙashin iƙamata yake zaune, wato takardar zaman ƙasa, kuma shekarunsa sun kusa wuce waɗanda uwa ke iya riƙe ɗa namiji. In ya gama karatun zanen gine-gine, ko dai ya samu kafili, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya ɗauke shi aiki, ko ya tattara ya bar ƙasar da aka yanke masa cibiya. Najeriya kuwa sau ɗaya ya taɓa zuwa, yana ƙarami, ya dawo da zazzaɓi da ƙuraje. Yaron da ba shi da nan, ba shi da can, in ya fara koyon tafiya da jaka a baya, me uwa za ta ɗauka?

Kowace Juma'a da sassafe sai ya fita, ya dawo kafin masallaci da ƙura har gwiwa. Na daure, na daure, ran nan dai na ce zan bi shi. Ya dube ni daga sama har ƙasa, abaya da takalmin asibiti, ya ce, "Umma, da nisa fa." Na ce, "Ni za ka gaya wa nisa? Yalla, wuce mu tafi."

Wadi Hanifa muka je, ta gefen Dir'iyya. Kwari ne mai tsawo, da duwatsu jajaye ta ɓangarorin biyu, da itatuwan dabino da wani siririn ruwa yana bin tsakiya. Sama da mu motocin ɗaga kaya na ta ruri a wurin gine-gine. Ban yi nisa ba tsakuwa ta shige min takalmi, amma na rantse ba zan tsaya in cire ba. A gindin wata bishiya muka tarar da mutumin da ya jawo min duk wannan: wani tsohon Bafaranshe, siriri kamar kara, wuya ja jawur, yana aikin gyaran tsofaffin katangun laka, ɗana kuma yana koyon aiki a hannunsa. Ya yi min sallama da Larabci, ya dafa ƙirji, ladabi har ya yi yawa. Ni dai duk wanda ya cika min ladabi sai na ƙara buɗe ido.

A nan na ji maganar da aka ɓoye min. Ashe wannan yawon Juma'a horo ne. Lokacin zafi, in aiki ya tsaya, tsohon zai koma ƙasarsu ya bi wata hanyar ƙafa da ke bin gaɓar kogi, ta ratsa dazuzzuka da tsofaffin ƙauyuka, kuma ya gayyaci ɗana. Ya ciro waya yana nuna min hotuna, yana ta fara'a. Kogi kore shar, gada ta dutse, gidaje na dutse sun hau kan juna a jikin tudu, coci da hasumiya, daji mai duhu da rana tsaka. Sai na ga wani abu da ya tayar min da tsikar jiki. A jikin wata ƙatuwar bishiya an shafa fenti layi biyu, fari a sama, ja a ƙasa. Na wuce hoto na gaba, ga shi a jikin dutse. Na gaba, a jikin wata bishiyar.

A bayan ƙauyenmu akwai tsamiyar da ake ɗaura wa ƙyalle fari da ja, kuma ko ɗan yaye ya san ba a wucewa ta ƙarƙashinta da tsakar rana. Na ce wa ɗana da Hausa, "Tambaye shi, me suke ajiyewa a gindin itatuwan nan?" Yaron ya rufe baki yana ƙyaƙyata dariya. Tsohon ya yi bayani cewa alamar hanya ce, don kada matafiyi ya ɓata. Na gyaɗa kai na ce shukran. A zuciyata na ce, duk launukan duniya ba su ga na shafawa ba sai fari da ja? Oho dai.

Satin da ya biyo na je kasuwar Al-Aziziya sayen tumatir da albasa da wata abokiyar aikina, ungozoma ce 'yar Kano, mun daɗe muna raba kwali ɗaya. Muna cikin zaɓar tumatir na ba ta labari. Ta ajiye wanda ke hannunta, ta ce, "Hajiya, Faransa kika ce?" Ɗan yayarta ma haka ya tafi Turai, wai taron ɗalibai, yau ga shi shekaru ba a ga ƙeyarsa ba, sai murya a waya. Ta ce, "Ba sa faɗa miki. Ki dai lura da abin da zai ɗauka. Mai dawowa daban yake haɗa kaya." Na ce haba, nawa ba haka yake ba. Amma tumatirin da na kawo gida rabi ruɓaɓɓe ne, don ban ga abin da nake tsinta ba.

Na koma 'yar sanda a gidana. Ya ɗauke min sikelin awon fulawa, yana auna safa, yana auna sabulu, har marfin man goge baki sai da ya ɗora. Riga biyu, wando biyu, wata 'yar darduma sirirya kamar mayafi. Sabuwar kwamfutarsa ba ta cikin kayan, wannan ya ɗan kwantar min da hankali, don mai gudu ba zai bar ta ba. Sai wata rana ya tsaya a ƙofar ɗakina yana sosa ƙeya, ya ce, "Umma, ina hular Abba?"

Hula ce zanna bukar, mai ruwan toka, wadda mahaifinsa ke sawa ran Idi. Tana cikin akwatina tun ranar da aka kai shi makwanci. Yaron nan bai taɓa sa hular Hausa ba, ko a Sallah farar jallabiya da gutura, ƙyallen kan nan na Larabawa, yake sawa kamar 'ya'yan maƙwabta. Mutumin da ke auna marfin man goge baki, shi ne zai ɗauki hular da ba ta tare rana, ba ta tare ruwa? Na ciro na miƙa masa. Da ya fita na zauna a bakin gado. Na ce shi ke nan, yaron nan gadonsa ya ɗauka.

Washegari na kira Inna, mahaifiyata. Tana ƙauye, ta tsufa, ido ya yi rauni amma baki na nan daram. Wayar ɗan ƙanena ake kai mata. Bayan mun gaisa na zayyana mata komai: takalma, yawon banza, bishiyoyi masu fari da ja, hula.

Ta ce, "Ƙafarsa ce ke masa ƙaiƙayi?"

Na ce, "Ko zama ba ya iya yi, Inna."

"Kurciya ce."

Na san kalmar, kowa ya san ta. Asiri ne da ake yi wa mutum ya bar gida ya shiga duniya, ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya yi niyyar dawowa sai ƙafa ta kai shi wani gari. Ni da na yi karatun jinya, nake zaune a ƙasar da irin wannan magana ke iya jawo wa mutum fitina, na ce astagfirullah, Inna, wa zai yi wa yaron da ba a ma sani ba kurciya? Amma ban ajiye wayar ba. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na sauke murya na ce, "To in ita ce, ba a yin kiranye ne? Ko da na addu'a?" Kiranye shi ne maganinta, a yi ta kiran sunan wanda ya tafi har zuciyarsa ta juyo gida.

Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ce, "Kiranye. To, na ji." Ta miƙa wa yaro wayar.

Ranar tafiya ni na kai shi filin jirgin Sarki Khalid. Na cusa masa ƙullin dambun nama da dabino a jakar da ya sha wahalar aunawa, yana kallo. A bakin ƙofar shiga wata Balarabiya na rungume da ɗanta tana kuka tana sumbatar goshinsa, wallahi sai da na ji haushinta, na kuma ji ƙyashinta. Ni kuwa na dubi allon jirage na ce, "Kai, a kula da salla. Allah ya kiyaye." Ya ce, "Amin, Umma." Ya ɗan tsaya kamar yana jiran ƙari. Na juya na nufi mota.

Hotuna suka fara zuwa. Ban taɓa duban hoto irin duban da na yi musu ba, har gilashi nake sawa in buɗa su da yatsu. Ga shi a kan gada, kogi na gudu a ƙasa. Ga shi cikin daji, itatuwa sun rufe sama, fari da jan nan a bayansa. Ga wani ƙauye, titi shimfiɗe da duwatsu, furanni a tagogi, amma ba mutum ko ɗaya, tagogin katako duk a rufe. Na rubuta masa, "Ina mutanen garin?" Ya ce sun koma birane, tsofaffi ne suka rage. Na ce wannan ai kufai ne aka yi wa kwalliya. Ina lura da fuskarsa: ta rame, ta yi duhu, amma akwai wata walwala a cikinta da ban taɓa gani ba a gidana. Wannan walwalar ta fi komai ci min rai.

Sai hotuna suka ɗauke. Na aika saƙo bai shiga ba. Na kira, wata mata ta yi min Faransanci ta kashe. Ungozomar nan ta gan ni a wurin shan shayi na asibiti, ta dube ni kawai ta girgiza kai, na ji kamar in watsa mata shayin. A kwanakin nan na ɗaura wa wani dattijo awon jini a hannun da aka hana taɓawa, sai da ya yi min tsawa. Da saƙo ya shigo daga ƙarshe, cewa ya yi sun ratsa wani kwari mai zurfi da ba sabis. Hoto ɗaya ya haɗo da shi: yana zaune a kan dakali a ƙofar wani gidan dutse, hular mahaifinsa a kansa, kusa da shi wata tsohuwar Baturiya da sanda. Na ce to, har ya samu uwar ɗaki.

Ranar dawowa na isa filin jirgi tun jirgin bai sauka ba. Mutane suka fara fitowa. Masu kaya, masu yara, ma'aikata da jakunkunan hannu. Sai ga tsohon Bafaranshen nan, shi kaɗai, yana tura amalanken kaya. Shi kaɗai! Ban san lokacin da na ture igiyar tsaro na sha gabansa ba. Larabcin ma ya gudu, da Hausa na ce masa, "Ina ɗana? Ina ka kai min ɗa?" Kuma na kira sunan yaron, da ƙarfi, a tsakiyar jama'a, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar suna. Tsohon ya ja da baya yana nuni da hannu. Na waiwaya, ga shi nan tsaye da sandunan tafiya, ashe su ya tsaya karɓa a wurin dogayen kaya. Ya ji. Na ga ya ji, don bakinsa a buɗe yake. Na gyara mayafi na ce, "Kai, ka rame kamar kazar mayu. Wuce mu tafi."

Muka shiga mota muka hau babban titi. Sai ya fara ba ni labarin tsohuwar cikin hoton. Gidanta a bakin hanyar matafiya yake, a wani ƙauye da ke saman kogi. Kullum tana zaune a dakali da tulun ruwa, duk wanda ya wuce sai ta ba shi ya sha. 'Ya'yanta duk sun tafi birni, suna aiko mata kuɗi da magani, suna kira a waya. Bafaranshen ne ya yi musu tafinta. Ta ga hular, ta tambaye shi ta wane gari ce, ya faɗi sunan ƙauyen mahaifinsa. Ta ce yaya garin yake, akwai kogi? Ya ce bai sani ba. Ta tambaya ko kakarsa na da rai. Ya ce ta wajen uwa tana nan. Ta ce yaushe rabonka da ita? Ya ce tun yana ƙarami. Ya ce tsohuwar ba ta yi masa faɗa ba, ta dai cika masa gora ta ce ya gaishe ta.

"Umma," ya ce, da Hausarsa mai tsakuwa, "ni hular na ɗauka don in an tambaye ni daga ina nake, in samu abin nunawa. Amma ban san komai a bayanta ba. Ina so in je wurin Inna kafin in fara neman aiki. In zauna da ita, ba kwana biyu ba."

Na ce masa ruwan can zai ba shi ciwon ciki.

Muna isa gida na shige ɗaki na kira Inna, murna fal cikina. Na ce, "Inna, ya dawo! Wallahi kiranyenki ya ci. Har cewa yake zai zo wurinki."

Ta ce, "Wane kiranye?"

"Wanda na roƙe ki."

"Ni ban yi masa komai ba. Yaro ya je ya ga duniya ya komo wa uwarsa, me za a kira?" Ta yi tari, na ji ana gyara mata wayar a kunne. "Ke dai nake yi wa. Tun ranar da kika hau motar Kano da akwatinki kika ce shekara biyu za ki yi. Kowace asuba in na sallame sai na kira sunanki sau uku ta ƙofar ɗaki, har jikoki sun daina dariya. Da kika ce in yi wa yaro, na ce wanda bai ci uwar ba ina zai ci ɗan."

Na buɗe baki in ce aiki ne, in ce hutu ne ba ya isa, in ce ai ina aike kowane wata. Duk na sha faɗa mata su, ta haddace.

Ta ce, "In zai taho, ki ce ya riƙo min man zafin nan na gwiwa. Ke na san ba ki da lokaci."

Aka karɓe wayar. Na daɗe zaune da ita a hannu. Daga falo ina jin ɗana yana kakkaɓe takalmansa a bakin ƙofa, yana tambayata da Larabci ko akwai sauran abinci.